Sunan Palmer: Alhajin Turawan Ingila ne, ko dai mun yi masa fassarar son rai?

Auwalu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun da Cole Palmer ya bar Manchester City ya koma Chelsea a 2023 sunan nan ya cika bakin 'yan kallon ƙwallo, kuma na ga masu cewa ma'anarsa mai gonar dabino, wasu suka ce mai sayar da manja. Akwai ma masu haɗa shi da Palmer ɗin da ya yi Razdan a Katsina zamanin Turawa, wai jininsu ɗaya. Malamanmu, a warware mana. Daga ina sunan ya fito, me yake nufi, kuma a ina aka fi samun masu shi?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Auwalu. Masu maganar dabino sun kama bakin zaren, sai dai sun ja shi ta inda bai dace ba. Babu gonar dabino a Ingila, sanyin ƙasar ba zai bari ba, balle manja.

Tushen kalmar Latin ne, palma, wadda ke nufin tafin hannu, kuma take nufin itacen dabino saboda yadda ganyensa ke buɗewa. Daga nan aka samu palmarius, ya shiga tsohon Faransanci a matsayin palmier ko paumier, Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka tsallako da shi Ingila bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Wanda ake kira da wannan suna shi ne Kiristan da ya je ziyarar ibada Ƙudus ya dawo. Al'adarsu ita ce idan mutum ya gama ziyara, ya gangara Kogin Urdun, sai ya yanki reshen dabino a Yariko ya riƙo shi har gida, shaidar cewa ya cika alwashin da ya ɗauka. Kowane wurin ziyara da irin shaidarsa: wanda ya je Santiago a Sifen ɓawon wata dabbar teku yake maƙalawa a hula ko jaka, na Rum hoton mabuɗai, na Canterbury ɗan kurtun dalma mai ruwa a ciki. Dabino na mai Ƙudus ne, ita ce tafiya mafi nisa da tsada da haɗari, shi ya sa mai ita ya samu sunan da ya bi shi.

Sunan ya fara bayyana a littattafan baitulmalin sarkin Ingila a ƙarshen ƙarni na 12. Wajen furuci kuma, mutanen Ingila ba sa faɗin harafin l ɗin, kusan "Faama" kunne ke ji.

Baba Ilu: Ashe Alhaji ke nan. Mutum ya je ƙasa mai tsarki ya dawo da alama, gari ya laƙaba masa suna. Mu ma da can, lokacin da ake tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan har Suwakin a hau jirgin ruwa, mutum kan shekara biyar ko goma bai dawo ba, in ya dawo kuwa ko ba a faɗi sunansa na yanka ba an san wa ake nufi, don a ƙauye guda ba za ka samu biyu ba. Na ga maganar ta zauna daram.

Hajiya Rabi: Baba, ranka ya daɗe, kwatancen ya yi, amma ina tsoron kada yara su ɗauka cewa duk mai suna Palmer kakansa ya taka Ƙudus. Takardun ba su nuna haka ba.

A duba sunaye irin su King da Bishop da Abbott da Pope, wato sarki da babban limamin coci da shugaban gidan masu zuhudu da Paparoma. Dubban mutane ne ke ɗauke da su a Ingila, alhali malaman cocin wancan zamani an hana su aure, Paparoma kuwa ɗaya ne a Rum. Yawancinsu laƙabi ne: wani don yana taku kamar sarki, wani don ya yi wa bishop barantaka, wani don ya fito a matsayinsa a wasan biki. Palmer ma yana iya bin wannan hanya. Kafin ƙarni na 14 kalmar ta riga ta saki jiki, ana kiran duk mai yawon wuraren ibada da ita, har da wanda ya mai da abin sana'a, yana bi gari gari da sanda da jaka yana neman sadaka. Akwai kuma waɗanda ake biya su yi ziyara a madadin mamaci, don masu kuɗi kan bar wasiyyar haka.

Ga misali tsayayye. A garin Ludlow, kusa da iyakar Wales, an yi wata ƙungiya mai suna Palmers' Guild tun ƙarni na 13, ba a rushe ta ba sai 1551. Ta taimakon juna ce da yi wa mamata addu'a, tana da mambobi a garuruwa masu nisa, galibinsu 'yan kasuwa da masu sana'a. Har yanzu akwai tagar gilashi mai zane da ke ɗauke da sunansu a cocin St Laurence na garin.

Kuma ai Alhajin namu ma haka yake. Yaro nawa aka haifa lokacin aikin hajji ake ce musu Alhaji tun suna zanin goyo, ko don sun ci sunan kakan da ya je?

Malam Habibu: Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Inda muka rabu shi ne lokaci. Mayaƙan gicciye sun kama Ƙudus a 1099, Salahuddin ya ƙwato ta a 1187, garin Akka, sansaninsu na ƙarshe mai ƙarfi, ya faɗi a 1291. Cikin waɗannan shekaru kusan ɗari biyu jiragen Venis da Genoa na jigilar maziyarta a kai a kai, kuma daidai lokacin ne sunan ke bazuwa a takardun Ingila. Mutumin da aka rubuta da wannan laƙabi a 1190, a garin da kowa ya san kowa, zai yi wuya a ce wasa ake yi masa. Na 1380 kuwa ban yi musu ba, wannan ko gado ya yi ko tsokana ce.

Abin da ke taimakawa shi ne ƙaramar kalmar da ke gaban sunan. Magatakarda na rubutu da Latin da Faransanci. In suka sa "de" to gari ake nufi, wane na wuri kaza. In suka sa "le" to sana'a ce ko siffa. Namu "le Palmer" ko "le Paumer" yake zuwa, wanda ya kore zancen cewa sunan wani ƙauye ne. Wannan "le" ta yi ta zubewa cikin ƙarni na 14, kafin 1400 da wuya ka gan ta.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, "le" tana nuna nau'in sunan, ba ta nuna ko mai shi ne ya fara ɗaukarsa. Ana samun wanda aka rubuta da "le" na wata sana'a, a gefe kuma an rubuta ainihin aikin da yake yi, kuma daban ne. Hujjar gado ɗaya ce: ka ga uba da ɗa, ko 'yan'uwa biyu, da suna guda a takardar gona ko ta kotun ubangidan ƙasa. In ba ka ga haka ba, laƙabin mutum ɗaya ne kake kallo, yana iya mutuwa tare da shi.

Zainab: A nan ne ma Alhajin Baba ya rabu da Palmer. Ɗan Alhaji ba ya zama Alhaji a takarda sai ya je ko an raɗa masa. Mu sunan uba muke jinginawa, ko na gari irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Tafawa Ɓalewa, kuma a al'ada yakan canza daga tsatso zuwa tsatso. Su kuwa laƙabin ne ya daskare ya zama na gida. Manyan masu ƙasa suka fara a ƙarni na 12, don gadon fili na buƙatar suna tsayayye. Talakawan kudu suka biyo baya, zuwa wajen 1400 yawancinsu sun samu. Arewacin Ingila ya makara, Wales kuwa wasu yankunanta suna jingina sunan uba har ƙarni na 18 da 19.

Abin da wannan ke nufi ga tambayar Auwalu shi ne Palmer ba gida ɗaya ba ne. Duk gundumar da aka samu maziyarci ana iya samun sabon tushe, ba tare da sun san juna ba. Annobar 1348 zuwa 1349 ta shafe wasu gidajen, wasu suka ƙare a kan 'ya'ya mata, waɗanda suka rage suka yaɗu.

Game da yawa: yana cikin sunayen da aka saba ji a ko'ina a Ingila, amma bai kama ƙafar Smith da Jones da Taylor ba. Ƙarfinsa na kudu da gabas da tsakiyar ƙasar, wuraren Norfolk da Somerset da Devon da Kent, yana raguwa in aka nausa can arewa. A Amurka masu shi sun haura 100,000, Smith kuwa a ƙidayar 2010 ya haura miliyan 2.4.

Wanda zai duba da kansa ya yi amfani da ƙidayar 1881, lokacin mutanen Ingila da Wales sun kusa miliyan 26. Ita masu bincike suka fi so don an kwafe ta gaba ɗaya tuntuni, kuma mutane da yawa ba su yi nisa da garuruwan kakanninsu ba tukuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon jimla tsura. In ka yi haka, Landan da Lancashire da Yorkshire za su cinye kusan kowane suna, don can jama'a suka taru. Yadda ake yi: ka raba masu sunan a gunduma da yawan mutanen gundumar, ka ninka da 100,000. Ka yi haka ga ƙasa baki ɗaya. Sai ka raba na gunduma da na ƙasa. A ce, don misali kawai, gunduma ta ba ka 260, ƙasa ta ba ka 130, sakamako 2 ke nan, wato sunan ya ninka yadda aka saba. Duk abin da ya gaza 1 baƙo ne a wurin. Kuma ka ƙirga da inda aka haifi mutum, kada ka ƙirga da inda aka same shi daren ƙidaya, musamman mazan da suka manyanta, don mata sunan miji suke ɗauka, za su karkatar maka da taswira.

Auwalu: Anti Zainab, lissafin ya fita. To zancen Razdan da ɗan ƙwallo fa? A binne shi?

Baba Ilu: Binne shi, ɗana. Kama da wane ba ta wane. Na Katsinan shi ne Herbert Richmond Palmer, an haife shi a 1877 ya mutu a 1958. Da hannunsa a tuɓe Sarki Yero da naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Shi ya fassara tarihin sarakunan Kano daga Larabci aka buga a 1908. Ya yi Razdan a Barno, ya zama Laftanan Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930, daga nan Gwamnan Gambiya, daga nan na tsibirin Kubrus. Fassarorinsa har gobe ana amfani da su, amma ra'ayoyinsa kan asalin ƙabilu a bi su da hattara, yana da son ɗauko kalmomi biyu masu kama da juna a kunne ya ce asalinsu ɗaya, ya gina hijira guda a kai. Ciwon da masu haɗa shi da ɗan ƙwallo ke fama da shi ke nan.

Kuma ki lura Zainab, mutumin Lancaster ne, can arewa maso yamma inda kika ce sunan ya yi ƙaranci.

Zainab: Haka ne Baba. Taswira jama'a take nunawa, ba ta yanke hukunci a kan mutum ɗaya. Gidan malaman coci da lauyoyi da sojoji ma sun fi kowa yawo, inda aiki ya kai su nan suke haihuwa.

Dakta Nura: Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi shafar baƙar fata. Cole Palmer haifaffen Manchester ne, kakansa na wajen uba daga tsibirin St Kitts na yankin Karibiyan ya zo, shi ya sa ake ganin tutar ƙasar a takalminsa. Ban kawo wannan don in ce daga can sunan ya biyo ba, sai don a san cewa sunan Ingilishi a jikin mutum ba ya nufin layinsa ya miƙe zuwa wani ƙauyen Norfolk.

A Jamaika Palmer suna ne ruwan dare. Akwai Turawa masu gonakin rake da wannan suna, sanannen cikinsu John Palmer na gidan Rose Hall kusa da Montego Bay. Bayi a rajistar da aka riƙa yi tsakanin 1813 da 1834 galibi da suna ɗaya ake rubuta su. Sunan dangi yakan shigo wajen baftisma ko bayan 'yanci, wanda dokarsa ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1834. Kada a ɗauka kullum sunan ubangida ake ɗauka. Wani na mai kula da gona ya ɗauka, wani na limamin da ya yi masa baftisma, wani na ubangidan uwarsa na farko, wani kuwa ubansa ne Baturen. Gwamnatin Birtaniya ta biya masu bayi diyyar fam miliyan 20, bayin ba a ba su ko kwabo ba, kuma sunayen waɗanda suka karɓa suna cikin ma'ajiyar da jami'ar UCL ta Landan ta buɗe kyauta a intanet. Mai neman wane Palmer ne ya mallaki wace gona, can zai fara. A Saliyo ma akwai sunan a cikin Kiriyo na Firitawun, zuriyar 'yantattun bayi.

Sannan akwai Palmer da ba su da alaƙa da Ingila ko kaɗan. A tsibirin Mayorka na Sifen tsohon suna ne na 'yan ƙasa. A Amurka kuma wasu Jamusawa da Yahudawa masu sunaye makusanta sun gyara nasu ya koma haka.

Auwalu: Dakta, gwajin DNA ba zai raba gardama ba? Na ga ana tallarsa, a tofa yawu a kwalba a gaya maka asalinka.

Dakta Nura: Ya danganta da wanda ka saya, ƙanena. Wanda aka fi talla yana duba gadon uwa da uba a gauraye, kuma kowane tsatso rabonka daga kaka ɗaya na raguwa da rabi. Bayan tsatso biyar ko shida ya dushe. Suna mai shekara 700 ya fi ƙarfinsa.

Wanda ya dace shi ne na ƙwayar Y, wadda namiji ke gada daga ubansa kaɗai, hanyar da suna ke bi. Mace ba ta da ita, sai ta sa ɗan'uwanta ko baffanta ya yi. Ana sayar da shi bisa yawan alamomin da ake dubawa, 37 ko 111, sai babban mai bin sauye-sauyen ƙwayar dalla-dalla. Na 12 da aka yi yayi da can ba shi da amfani a nan, don akasarin mazan Ingila reshe guda na ƙwayar Y suke, wanda ake kira R1b, za ka dace da ɗaruruwan mutanen da kakanku ɗaya tun kafin a san sunan dangi.

Kuma sakamakon mutum ɗaya ba ya faɗin komai, sai an gwama. A 2009 Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester sun fitar da binciken sunaye 40. Abin da ya fito: suna in ya yi ƙaranci, masu shi sukan zama jini ɗaya, kamar Attenborough da kusan tara cikin goma suka taru a reshe guda. In ya yi yawa irin Smith, kusan daidai yake da ka tsinci mutane a kasuwa. Palmer da yawansa da kuma yadda ya samo asali a wurare barkatai, ɓangaren Smith zai fi karkata.

Abin da ke tsinka layi kuma yana da yawa: ɗan da aka haifa ba aure sunan uwa yake ɗauka, agola kan ɗauki na mijin uwa, wani kan canza don sharaɗin gado, ga wanda uban takarda ba shi ne uban jini ba. Ko da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne a kowane tsatso, in ka tara tsatso 25 ya zama abu babba.

Wani abin sha'awa daga masu binciken nan: a 2007 sun samu ƙwayar Y ta Afirka ta Yamma, reshen A1, a jikin wasu fararen fata masu wani suna da ba a cika ji ba na Yorkshire, bakwai cikin 18 da aka gwada, kuma babu wanda ya san da zancen a cikinsu.

Hajiya Rabi: Shi ya sa takarda ce gaba, gwaji na biye. Kuma daga kanka ake farawa a yi baya, ba a ɗauko wani shahararren Palmer na da a nemi hanyar sauko da shi.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ranar 1 ga Yuli 1837 a Ingila da Wales. Fihirisar kyauta ce a shafin intanet na FreeBMD, amma wata uku uku aka tsara ta, kuma lokacin rajista take nunawa, don haka wanda aka haifa a Disamba yana iya faɗawa cikin watannin farko na shekara mai zuwa. Kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye alhakin kai rahoto ba, yara da dama sun zube. Takardar aure ce zinariya, don tana ba da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Ga suna mai yawa irin wannan, in ba ka haɗa sana'a da unguwa da sunan gidan su uwa ba, za ka kama John Palmer na wani ka yi shekaru kana bin dangin da ba naka ba.

Ƙidaya mai sunaye ta fara a 1841, duk shekara goma. Ta 1841 tana da tarko: wanda ya wuce 15 an rage masa shekaru zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 29 sai a rubuta 25, kuma ba ta faɗin garin haihuwa. Ta 1851 ce ta fara faɗa. Ta 1921 an buɗe ta a 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 ba a yi ba saboda yaƙi, sai a cike giɓin da rajistar da aka yi a Satumba 1939.

Kafin 1837 sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban wazirin sarkin Ingila, ya ba da umarnin a fara a 1538, ko da yake kaɗan ne suka tsira tun daga farkon. In littafi ya ɓata a nemi kwafin da ake aika wa bishop tun 1598. Shekarun yaƙin basasa, daga wajen 1642 zuwa 1660, giɓi ne a garuruwa da yawa, nan yawancin layuka ke tsayawa. A kula da kalanda kuma: kafin 1752 sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take kamawa, saboda haka yaron da aka rubuta a Fabrairu 1720 a lissafinmu na 1721 ne. Mutane kan ga aure a Afrilu 1720 da baftisma a Fabrairu 1720 su yanke cewa cikin shege ne, alhali wata goma ne bayan aure.

In aka wuce nan sai harajin murhu na 1662 zuwa 1689, da wasiyyoyi, da harajin kai na 1377 da 1379 da 1381. Na 1377 kwabo huɗu ne a kan duk wanda ya kai 14, amma yawanci jimla aka adana. Na biyun ƙarshe sun fi ba da sunaye, sai dai na 1381 da aka ninka shi uku mutane sun yi ta ɓoye 'yan gidansu, shi ne ma ya jawo boren manoma. Waɗannan suna nuna inda sunan yake a lokacin, ba sa haɗa uba da ɗa.

Zainab: Ƙari kan na Hajiya, rubutun sunan. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma tunda ba a furta l, za a ga Parmer da Pamer da Palmar da Paumer. Masu kwafe tsohon rubutun hannu kuma kan karanta P a matsayin B, ya koma Balmer, wanda suna ne daban mai zaman kansa. Kada a dogara da tsarin Soundex, mai ba wa suna lamba bisa sautinsa, da wasu shafuka ke nema da shi. Palmer lambarsa P456, Parmer P656, Paumer P560, Balmer B456. Huɗu daban daban, injin ba zai haɗa maka su ba. Gara ka sa tauraro a tsakiya, P*mer, ka tace da idonka.

Auwalu: To tambarin gidan Palmer da ake sayarwa a intanet, da garkuwa da kwalkwali, na wane reshe ne?

Malam Habibu: Na wanda aka kwafo nasa ba da izini ba. A dokar Ingila babu tambarin suna. Mutum ɗaya ake ba, 'ya'yansa ta layin maza su gada, kuma hukumar College of Arms da aka kafa a 1484 ke riƙe da rajistar. Gidaje masu suna Palmer da aka ba tambari suna da dama kuma zanensu ya bambanta. Wasu sun sa jakar maziyarci ko sandarsa don wasa da sunan, wasu karen farauta ne a nasu. Mai shago yana buɗe tsohon kundi ne ya ɗauki na farko ya buga a kofi.

Baba Ilu: Malam, tunda ana Palmer, Palmerston fa? Shi ne sakataren harkokin wajen Ingila lokacin da aka turo tawagar su Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, wanda ya iso Kano a 1851. Reshe ne?

Malam Habibu: Baba, sunan gidansu Temple, Henry John Temple. Palmerston sarauta ce, an ɗauko ta daga Palmerstown kusa da Dublin a Ailan. Shi garin ne ke da alaƙa da maganarmu: a ƙarshen ƙarni na 12 wani Ailred da ake wa laƙabi da Palmer ya kafa asibitin St John a bakin ganuwar Dublin, filayen da asibitin ya mallaka suka ɗauki sunan. Wannan yana cikin waɗanda nake cewa laƙabinsu na gaske ne, lokacinsa ya dace, aikin da ya yi ma ya dace. Charles Temple da ya yi Laftanan Gwamnan Arewa kafin Palmer kuma kada wani ya ɗaura shi a nan.

Hajiya Rabi: Na bar maka Ailred, Malam, mutum ɗaya ne.

Auwalu, ka isar wa abokanka wannan, don sunaye irin wannan ne 'yan damfara ke amfani da su a wasiƙun "wani attajiri ya mutu ba magaji, sunanku ɗaya". A Ingila in mutum ya mutu ba wasiyya, dukiya na bin mata ko miji, sai 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa da zuriyarsu, sai kakanni, sai baffanni da kawunnai da gwaggwanni da innoni da zuriyarsu. Daga nan ta tsaya, ta koma hannun masarauta. Mai nema sai ya kawo takardun haihuwa da aure da suka haɗa shi da mamacin ɗaya bayan ɗaya, kuma wa'adin shekara 30 ne daga ranar mutuwa, amma in an wuce shekara 12 da kammala tattara dukiyar ba a biyan kuɗin ruwa a kai.